Ya sa hular kwano kuma ya rasu, to mi amfaninta? Amsa ga ƙannena 'yan kabu-kabu

Assalamu alaikum. Wani ƙanena ɗan kabu-kabu ya turo min saƙo shekaranjiya, ga abin da ya ce a taƙaice: "Yaya, abokin aikinmu ya rasu ga hanyar Jega bayan isha'i, ya afka ma tirela da ta lalace anka bar ta rabi bisa kwalta ba fitila ba komai. Kuma wallahi duk tasharmu shi kaɗai ne ba ya hawa mashin sai da hular kwano. Yanzu yara suna cewa to ga mai hula nan ya tafi, mu da ba mu sawa ga mu da ranmu, wasu ma sun ce hular ce ta karya mishi wuya. Kai da kake aikin asibiti don Allah ka faɗa muna gaskiya, hular nan tana da amfani ko wahala ce kawai?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta, ya ba iyayenshi da iyalinshi da ku abokan aikinshi haƙuri. Ƙanena na ji zafin da ke cikin tambayar taka kuma ban ga laifin yaran ba da sunka yi wanga tunani, mutum in ya ga gawar abokinshi da hula ga kai dole zuciya ta raya mishi haka. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe ga ɗakin imajansi inda ake kawo 'yan haɗari, kuma ni ma kullum da mashin nike zuwa aiki, to ba daga cikin mota nike kallonku ba. Hula tana da amfani, amfani babba. Amma tana da iyaka, kuma masu sayar da ita da masu tilasta a sa ta ba su cika faɗa muku inda iyakar take ba, shi ya sa in anka ga irin wanga sai a ce ai ƙarya ce gaba ɗaya.

Ka ɗauki hula ta ƙwarai ka ɗaga yadin da ke ciki ka duba. Za ka ga wani farin abu mai kauri irin wanda ake tokare sabon talabijin da shi cikin kwali. To wannan farin abin shi ne hular, ƙoƙon waje mai ƙyalli aikinshi ya hana wani abu huda kai, ya baza bugun, ya kuma sa kai ya zame bisa kwalta maimakon ya cije. Farin abin shi ke lotsewa, a cikin lotsewar nan ne yake sa kai ya tsaya a hankali maimakon ya tsaya lokaci guda. Kaurinshi bai wuce yatsa biyu ba. Ƙwaƙwalwa ita kuma ba a ɗaure take cikin ƙoƙon kai ba, kamar kindirmo ne cikin ƙwarya, in ka jefa ƙwaryar ta tsaya farat ɗaya ko ba ta fashe ba kindirmon ciki ya dame. A Turai kafin a yarda a sayar da hula akwai gwajin da ake mata, wanda in ta ci za ka ga an ɗinka mata wata 'yar alama ga igiya mai harafin E cikin da'ira da lamba, ECE 22.05 ko sabuwar 22.06. Gwajin shi ne a sa mata wani kan gwaji na ƙarfe mai na'ura a sake ta ta bugi ƙarfe da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 27 a awa. Sabon gwajin ma mafi ƙarfin bugunshi bai kai kilomita 30 ba. Na Amurka mai alamar DOT shi ma nan kusa yake, ƙasa da haka ma. Ka ji fa, 27. Kamar ka faɗo da ka daga tsayin mita 3 ne, saman ɗaki ke nan.

Yanzu ka kwatanta da gudun da kuke yi in hanya ta buɗe. Ƙarfin bugu ba ya tafiya daidai da gudu, in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin bugun sau huɗu yake ƙaruwa. Wanda ya bugi abu tsayayye ga kilomita 30 kamar ya faɗo daga mita 3 da rabi ne. Ga kilomita 60 ya zama mita 14. Ga kilomita 80, wanda Boxer ke yi ba tare da ta wahala ba in ba lodi, mita 25 ne, bene hawa takwas, ko ka ce kan doguwar giginya. Wa zai ce ma wanda ya faɗo daga kan giginya ai ka sa hula ba komai? Babu kamfanin da ya taɓa ƙera hular da ke ɗaukar wannan, in ma an yi ta girmanta ba zai bari ka ɗaga kai ba.

Za ka ce to in 27 ce iyakarta ai ba ta da amfani tunda ba mai tafiya 27 bisa babbar hanya. A nan ne mutane ke ruɗewa, ka bi ni a hankali. Faɗuwar mashin iri biyu ce. Akwai wadda taya ta zame maka bisa yashi ko akuya ta gitta ka faɗi, jikinka ya yi ta jan ƙasa har ya tsaya da kanshi. A irin wagga ko kana 70 ne, bugun da kanka ke yi ma kwalta na faɗowa ne daga tsayin da kake zaune, mita ɗaya da rabi ko makamancin haka, sauran gudun kuma jan ƙasa ke cinye shi, fata ce ke biya. Wannan bugun na mita ɗaya da rabi ya isa ya fasa kan da ba hula, na sha ganin wanda ya mutu cikin gari ga gudun da bai kai a kira shi gudu ba, don kawai ƙeyarshi ta sami bakin kwalbati. Kuma wannan bugun shi ne daidai abin da anka ƙera hula ta ɗauka. Mafi yawan faɗuwar da kuke yi irin wagga ce. Ta biyu ita ce wadda ba jan ƙasa, ka taho da gudunka ka haɗu da abin da ba ya motsi, bayan tirela, kan gada, itace, turken wutar lantarki, ko motar da ke tahowa wadda ita ma da nata gudun. Nan duk kilomita 80 ɗin nan cikin ƙiftawar ido suke ƙarewa ga jikinka. Abokinku irin ta biyu ta same shi.

Kuma bayan tirela mugun wuri ne ga mai mashin saboda tsayinshi. Tayar gaba da fitila suna shigewa ƙarƙashi, ƙarfen bodin kuma ya tarbe ka daidai ƙirji ko wuya ko fuska. Irin waɗanda ake kawo muna daga wanga haɗari sau da yawa kan ma lafiya lau yake in ka cire hular, abin da ke kashewa ƙasa da haɓa yake. Haƙarƙari su karye su huda huhu, iska ko jini ya taru cikin ƙirji ya danne numfashi. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta yage saboda jiki ya tsaya ita ba ta tsaya ba, wannan ko ƙofar ɗakin tiyata ya faru da wuya a ceto mutum. Hanta ko saifa ta fashe jini ya cika ciki ba ka ganin ko ɗigo a waje. Ƙashin ƙugu ya buɗe don ya bugi tanki. Babban mutum jinin jikinshi duka wajen lita 5 ne, karayar cinya guda tana iya shanye fiye da lita 1 cikin nama, ta ƙugu kuwa ta fi haka nesa. Duk waɗannan ba hurumin hula ba ne, ba a taɓa cewa za ta kare su ba.

Maganar cewa hula ke karya wuya kuwa ina roƙonku ku daina yaɗa ta. An daɗe ana bincike kan wanga zance a ƙasashe da yawa kuma ba a samu cewa masu hula sun fi karyewa ga wuya ba. Bugun da ya isa ya karya wuya da hula, in ba hula da kan ne zai fara tarwatsewa, sai dai ba mai tsayawa duba wuyan gawar da kanta ya fashe. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hular da anka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Ku lura ba a ce 100 ba. Ma'ana cikin mutum goma da za su mutu ba hula, da sun sa, wajen huɗu suna nan da rai, shida kuma duk da haka sun tafi. Abokinku yana cikin shidan. Huɗun nan kuma ba mai ba da labarinsu, don wanda ya faɗi hula ta cece shi tashi yake ya kakkaɓe riga ya je wurin bakanike a miƙe mishi kan mashin, ba a zaman makoki ba a taruwa, to ba ku jin labarinshi. Ni nike ganinsu, suna zuwa a wanke musu gwiwa da hular a hannu duk ta goge gefe guda. Ina kuma ganin waɗanda ba su mutu ba amma ba su koma yadda suke ba, saurayi mai ƙarfi ya koma sai an ba shi abinci a baki, ko farfaɗiya ta kama shi, ko ya daina gane matarshi. Wannan ya fi komai yi min ciwo cikin aikin nan, kuma shi ne hula ta fi hanawa.

Sai dai fa ba duk abin da ke bisa kai ne hula ba. Manyanku za su tuna lokacin da 'yan rod sefti sunka fara tilasta hula ranar 1 ga Janairun 2009, mutane sunka riƙa kifa ƙwarya da tukunya da robar fenti don kada a kama su, ga jita-jitar da anka yi ta yaɗawa cewa ana asiri da hular da ɗan kabu-kabu ke ba fasinja. Tun daga nan hula ta zama abin 'yan kaki a idon mutanenmu, ana sa ta don shingen bincike, kuma har yau ba mu fita daga wanga tunani ba. Hular leburorin gini mai rawaya ba ta mashin ba ce, ita an yi ta ne don abin da ke faɗowa daga sama, ba ta da farin abin nan. Mai arha da ke da soso mai laushi kawai a ciki, wadda in ka matsa gefenta da hannu biyu tana lanƙwashewa, ita ma rana kawai take tarewa. Sai igiya, wannan ita ce babbar matsalar da nike gani. Hular da ba a ɗaure ga haɓa ba tana barin kai tun kana cikin iska kafin ka kai ƙasa, sai a tsince ta can gefe ba ko ƙwarzane a ce ai ya sa hula. Ka ɗaure ta yadda yatsa biyu kawai za su shiga tsakanin igiya da haɓa, ka kama ta ta baya ka ja gaba, in ta fita to ta yi maka yawa. Kada ka ɗora ta bisa hula zanna ko rawani. In da hali ka nemi mai rufe haɓa gaba ɗaya, don haɓa da baki na cikin wuraren da sunka fi bugun ƙasa, na san zafin Afrilu da Mayu a Kebbi ba wasa ba ne, amma gyaran muƙamuƙin da ya karye wata da watanni ne mutum na shan kunu da tsinke. Kuma hula sau ɗaya take aiki. Farin abin in ya lotse ba ya dawowa, ko da waje bai nuna komai ba, shi ya sa nike tsoron ta gwanjo, ba ka san kan wa ta riga ta ceta ba.

Sauran jiki ba wani dogon zance, mu nan ba mai iya sayen rigar fata ta masu tsere kuma ko an ba ka zafi ba zai bari ka sa ba. Ita ma ɗin fata take karewa daga gogewa, ba ta hana ƙashi karyewa. Abin da za ku iya shi ne takalmi rufaffe maimakon silifas, don yatsun ƙafa da dunduniya da muke ɗinkewa ba su ƙirguwa, da safar hannu, da wando mai kauri. Ku riƙa duba fasinja mace kafin ku tashi, hijabi ko zane in ya shiga cen ko sifok fizgo ta yake ta baya da ka, kuma mafi yawa da goyo a bayanta. Babbar riga ma haka, a tattare ta a zauna bisa.

To tunda hula ba ta iya ma tirela, abin da ya rage shi ne kada a kai ga tirelar, kuma nan nike son ku fi maida hankali in kuna zancen marigayi. Mai tafiya 80 yana cin mita 22 duk daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, musamman da dare mutum ya gaji, daƙiƙa ɗaya da rabi ba abin mamaki ba ne, mita 33 ke nan sun tafi ba ka fara tsayawa ba. Birkin kanshi bisa kwalta mai kyau da taya mai kyau zai ci wasu mita 35 ko fiye. Kusan mita 70. Yau da dare ka kafa mashin ɗinka wuri mai duhu ka kunna fitila, ka sa wani mai baƙar riga ya yi ta tafiya har ka daina ganinshi, ka ƙirga takunshi. Abin da ka samu shi ne iyakar idonka, in bai kai abin da kake buƙata ka tsaya ba to duk daren da ka yi wanga gudu da sa'a kawai kake isa gida. Ƙara da motar da ke tahowa ta ƙi yi maka dim, daƙiƙa biyu ko uku ba ka ganin komai, kuma a daidai nan ne kake matsawa gefen dama don ka ba ta wuri, gefen da tirelar ke kwance. Direba ya karyo ganye ya jera a baya ya ce ya sa alama, ganye da dare baƙi ne kamar kwalta, ga shi sau da yawa taku goma kawai ya ba da tsakani, wani kuma duwatsu yake jerawa in ya gyara mota ya tafi ya bar su nan. Doka ta ce ya kafa alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli kuma a manna ma bayan manyan motoci tef mai ɗaukar haske, wanda ya bar mota haka cikin duhu yana da alhaki a wuyanshi, ban rage mishi komai ba. Amma hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Jega da Koko da Yawuri ta nufi Kwantagora hanyar manyan motoci ce dare da rana, masu albasa da shinkafa da shanu da mai, kullum sai wata ta lalace wani wuri, kai ne za ka tuƙa kamar ka san tana gabanka.

Ba tirela kaɗai ba. Amalanken shanu da raƙumi da jakai masu dawowa daga gona ko kasuwa bayan magariba ba mai fitila cikinsu, raƙumi ma ƙafafunshi kawai za ka hanga kuma sai ka zo kusa. Lokacin girbi mutanenmu na shanya shinkafa bisa kwalta su tokare da duwatsu da itace, shanshera a ƙarƙashin taya kamar ka taka ƙwallaye ne. Bayan ruwan sama yashi na kwantawa daidai kan kwana da bakin gada inda kake kwantar da mashin. Man gas da tanka ko tifa ta zubar ya fi komai santsi, in ka ji warinshi ko ka ga kwalta na ƙyalli kala-kala ka miƙe mashin ka saki totur, kada ka taɓa birki da ƙarfi har ka wuce. Ga tudun rage gudu da mutanen gari ke yi da kansu bayan an kaɗe musu yaro, ba fenti ba allo, jiya babu yau akwai. Ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda ƙura ke sa mai hula ya ɗaga gilashi ko ya tuƙa da gilashin da duk ya ƙwarzane, da dare kuwa gilashi mai duhu ko mai ƙwarzane makanta ce, a canza shi da fari.

Akwai kuma abin da ke hannunku. Da yawanku ba ku taɓa birkin gaba, wasu ma sun kwance wayar gaba ɗaya wai yana kayar da mutum. Alhali in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, mafi yawan ƙarfin tsayawa ga tayar gaba yake, mai birkin baya kaɗai nisan tsayawarshi na iya kusan ninkawa. Abin da ke kayarwa shi ne fizgar shi lokaci guda ko kama shi bisa yashi ko cikin kwana. Ku nemi fili ku koya, a matsa a hankali sannan a ƙara, tare da na baya. Tayar da ta goge sumul da tif mai faci biyar ga goyon mutum uku da buhu, in ta fashe ga gudu ba gwanin da ke riƙe ta. Madubi da kuke cirewa ranar da anka sayo mashin ku maida shi. Na san kuma abin da ke sa ku gudun dare, balas ne, mai mashin na jiran kuɗinshi ga mai ya yi tsada ga gida na jira, ba zan zauna nan in yi kamar ban san wannan ba. Amma tiramadol da sauran ƙwayoyin da wasu ke sha don kada su ji gajiya ba sa cire gajiyar, ɓoye ta suke, hannu da ido na nan a mace mutum na jin kamar shi ne sarkin hanya.

Abu na ƙarshe da nike son ka kai ma 'yan tasharku shi ne abin da ake yi bayan an faɗi, don ku ne kuke fara isa wurin kafin kowa. Farko a tsare hanya ta ɓangare biyu da nisa kada wata mota ta zo ta bi ta kan masu taimako. A kira 122, lambar rod sefti ce kyauta, ko 112. Kada a ɗaga mutum a zaunar da shi, kada a kama hannu da ƙafa a jefa bayan mota kai na lilo, in ƙashin wuya ya tsage laka ba ta tsinke ba wannan ɗaukar ce ke ƙarasa ta, mutumin da zai warke ya koma kwance har ƙarshen rayuwa. Mutum ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu daidai da jiki, a nemi katako ko ƙyaure ko benci a mirgina shi bisa gaba ɗaya kamar gungume. In yana numfashi lafiya a bar mishi hular, a ɗaga gilashi kawai, sai in ba ya numfashi ko amai ya toshe shi sannan mutum biyu su cire, ɗaya na tallafe da wuya. Kada a ɗura mishi ruwa ko madara, wanda ya suma shaƙewa yake, mai hankalinshi kuma wataƙila tiyata ke jiranshi. Inda jini ke zuba a danna da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi kada a saki, ba ƙasa ba baƙin mai ba fetur. Kuma wanda ya bugu ga kai ya suma ko na ɗan lokaci ne, ya farfaɗo ya ce lafiyarshi lau, kada ku yarda ya tafi gida. Akwai jinin da ke taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, mutum ya yi magana ya yi dariya har ya tuƙa mashin, bayan awa kaɗan ciwon kai da amai da barci, a ce a bar shi ya huta, da safe a tarar ba shi. Wannan in an yi hoton kai da wuri tiyata na ceton shi, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato na da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, sai dai daga Birnin Kebbi tafiyar wajen kilomita 150 ce, to duk awar da anka ɓata gida ana shafa man zafi daga cikin ranshi ake cire ta. Mu mutanen Kebbi in an ce karaya Aliero ke fara zo muna a rai, sunan garin ga ɗori ya kai har ƙasashen maƙwabta, amma mai haɗarin mashin a fara kai shi asibiti mafi kusa a tabbatar ba jini cikin ciki ko ƙirji ko kai, ƙashi yana iya jira, jini ba ya jira. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ku san da wannan.

Masu cewa kwana ne ya ƙare gaskiya sunka faɗa, ba mai wuce ranarshi, kuma wanga shi ke sanyaya zuciyar uwar marigayi. Amma shi marigayin da ya yi imani da haka bai fasa ɗaure hularshi kullum ba, ya ɗaure raƙuminshi sannan ya yi tawakkali kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi, bai kamata mutuwarshi ta zama hujjar barin abin da shi ya riƙe ba. In kun zauna taron ƙungiya ka kawo shawara a cire wani abu cikin kuɗin tikiti a sayo tef mai ƙyalli da riga mai ɗaukar haske da ƙwan fitilar baya ma kowa, kuma duk wanda ya wuce mota a kwance bisa hanya ya kira tasha ya faɗa ma na baya daidai wurin, ya kira 122. Hular marigayi kuma in tana hannun iyalinshi ka roƙe su kada a ba ƙanenshi ko wani ya ci gaba da sawa ko da waje ba ta fashe ba. Ka isar min da gaisuwa wurin mahaifanshi, Allah ya gafarta mishi.